Haƙora a Jikin Hoto: Yadda Tarihin Garuruwanmu ke Lalacewa Tsakanin Kaset da Waya

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan garinsu ya san irin bidiyon. Wani ne zai tono kaset ɗin bikin iyayensa, ko na naɗin dagaci, ko na saukar Alƙur'ani da aka yi shekara ashirin da ɗoriya, ya kai shago a juye masa, ya turo wa jama'a. Kafin ka ce kwabo zaure ya cika da addu'a: Allah ya jiƙan wane, ashe wance haka take da ƙuruciya. Muddin mutanen cikin hoton suna zaune, komai lafiya lau. Amma da liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, ko amarya ta juya kai, sai gefen jiki ya tsattsage, ya yi haƙora-haƙora, siraran layuka a kwance suna fita dama da hagu. Wani bidiyon kuma karkarwa yake yi: mutum na tafiya gaba amma kamar ana fizgo shi baya, har idon mai kallo ya gaji.

Abin da jama'a ke cewa shi ne kaset ya tsufa, ko ya sha sanyin damina, ko kyamarar da ce ba ta da ƙarfi. Wani ma da ya ga an riga an zuba masa a waya, sai ya bar wa yara kaset ɗin su zare shi su yi wasa. To a nan asarar take. A mafi yawan lokuta waɗannan haƙoran ba lalacewar kaset ba ne. Da za a sa shi a na'urar bidiyo a jona da tsohuwar talabijin mai tudun baya, hoton zai fito sumul, motsi na tafiya yadda aka ɗauke shi. A hanya ɓarnar ke faruwa, tsakanin kaset da kwamfuta, a hannun mai juyewa ko mai tacewa. Kuma akwai irin ɓarnar da ba ta gyaruwa sai an koma kan kaset na asali.

Mai bidiyon biki shi ne ma'ajin gari

Mu ɗauki misalin Tarai, gari ne a ƙaramar hukumar Kibiya, cikin ƙasar Rano, kudu da birnin Kano. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma abin da ya faru da sarautarta a 'yan shekarun nan kowa ya gani a wayarsa: an ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka soke dokar a watan Mayun 2024, daga baya aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano, Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Hotunan wannan duka suna nan a dubban wayoyi, babu fargabar su ɓace gaba ɗaya.

Shekarun da suka gabaci waya mai kyamara su ne abin ji. Daga wajen 1990 zuwa wajen 2010, gari irin Tarai, ko Fammar, ko Durba, ko Rurum, ba shi da mai ajiye masa hoto mai motsi in ba mai bidiyon biki ba. Ma'aikatan gidan talabijin ba su cika shiga ƙauye ba sai in wani babba zai buɗe asibiti ko rijiyar burtsatse. Mai bidiyo kuwa da an ba shi kuɗin mai da na kaset, zai zo.

Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna shi. Ƙatuwar kyamarar Panasonic a kafaɗa, irin su M3000 da M9000 masu haɗiye babban kaset sukutum, ga yaro a bayansa riƙe da fitila mai zafi da doguwar waya da ta tafi har wurin janareta. Daga baya aka koma ƙananan kaset na MiniDV, waɗanda suka fito a 1995, aka shiga yayin Panasonic MD9000 da Sony PD150 da PD170. An ɗauko shi ne don ɗaurin aure da kamu da kai amarya, amma abin da ya kwaso ya wuce nan. A bayan angwaye akwai tsohon masallacin ƙasa kafin a rushe a yi na siminti. Akwai rumbuna, da katangar da babu ita yanzu, da ɗinkin rigar da aka daina yi. Akwai kiɗan ƙwarya na matan gida, da gaɗar 'yan mata, da muryar sanƙira yana jero asalin dangi tun daga kakan kaka. Akwai fuskar dattijon da bai taɓa tsayawa gaban mai hoton kati ba. Babu wani kundi a Kano ko a Kaduna da ke ɗauke da waɗannan. Suna cikin adaka a ƙarƙashin gado, a kan zare mai maganaɗiso da bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

Dalilin da ya sa aka raba hoto biyu

Tsohuwar talabijin ba ta nuna hoto gaba ɗaya. Zana shi take yi layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, da wani ɗigon haske mai gudun tsiya. Injiniyoyin shekarun 1930 sun ci karo da wata matsala. In aka zana hoto 25 a daƙiƙa, allo yana ƙyafta wa mai kallo ido. In aka ce a zana 50 cikakku, zangon watsawa bai isa ya ɗauka ba. Sai suka fito da dabara: a fara zana layi na 1, na 3, na 5, har ƙasa, sannan a koma sama a cike na 2, na 4, na 6. Kamar manomin da ya bi gona yana shuka kunya ɗaya yana tsallake ɗaya, da ya kai ƙarshe ya dawo ya bi waɗanda ya tsallake. Ido yana ganin haske sau 50 a daƙiƙa, ƙyaftawa ta ragu, alhali nauyin da aka aika na hoto 25 ne kacal. Wannan ita ce saƙar layuka.

Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi wa dabarar rajista a 1930, Randall Ballard na RCA a Amurka ya yi wa tasa a 1932, kuma tsarin layi 405 da BBC ta fara watsa shirye-shirye da shi a Landan a 1936 saƙaƙƙe ne. Tsarin launi na PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro shi ma a Telefunken, ya gaji saƙar yadda take: layi 625, waɗanda 576 daga cikinsu ne ke ɗauke da hoto, a raba biyu, kowane rabi layi 288, rabi 50 a daƙiƙa, daidai da bugun wutar lantarki. Shi Najeriya ta ɗauka. Tun daga tashar WNTV ta Ibadan a 1959, da ta Kaduna a 1962, da kafuwar NTA a 1977, har zuwa CTV ta Kano wadda yau ake kira ARTV, a kan layi 625 saƙaƙƙu aka gina komai. Kowace kyamarar da aka sayo don kasuwarmu, daga ta gidan talabijin har ta mai bidiyon biki, da wannan tsarin ta zo.

Ga kuma abin da yawancin masu tacewa na yau ba a taɓa gaya musu ba. Rabi biyun nan ba lokaci guda kyamara ta ɗauke su ba. Tsakanin na farko da na biyu akwai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Ashe abin da kwamfuta ke kira firam ɗaya, hotuna biyu ne na lokuta biyu daban, aka cusa layukan wannan tsakanin na wancan.

Mu ɗauki hawan sallah, mahayi ya sako doki a guje zai yi jafi. Dokin da ke cin kilomita 36 a awa yana shafe mita 10 a daƙiƙa. Ke nan tsakanin rabin farko da na biyu ya matsa santimita 20, kusan taƙi guda. Tsayar da wannan firam a kwamfuta ka matso da ido. Bangon da ke baya garau yake, domin bai motsa ba. Amma hancin dokin biyu ne, ɗaya gaban ɗaya. Mashin da ke hannun mahayin ya zama sanda biyu, kowace a yanke gunduwa-gunduwa, layi ɗaya akwai, na ƙasansa babu. Jelar rawani ta zama tsefe-tsefe. Babu abin da ya lalace a nan. Kyamara ta yi aikinta cif. A tsohuwar talabijin, kafin rabi na biyu ya haskaka na farko ya dusashe, don haka ido bai taɓa ganinsu tare ba. Waya da kwamfuta kuwa allonsu yana kunna dukkan layuka lokaci guda ya riƙe su. Talabijin ta bango tana da abin warware saƙar a cikinta, amma sai in hoton ya iso mata da shaidar cewa saƙaƙƙe ne, kuma fayil ɗin da ya bi ta hannu uku ya riga ya yar da wannan shaidar.

Wannan ne ma ya sa za ka juye tsohon kaset ɗin fim ɗin Indiya ka ga babu haƙori ko ɗaya, ka juye na bikin gidanku a na'ura guda ka ga ya tsattsage, har ka zargi mai bidiyon garinku da rashin iya aiki. Ba laifinsa ba ne. Fim ɗin Indiya a kan fim na silima aka ɗauke shi, hoto 24 cikakku a daƙiƙa, aka ɗan ƙara masa sauri zuwa 25 da za a zuba shi a kaset na PAL, saboda haka rabi biyun daga hoto guda suka fito. Na bikin ne ke ɗauke da motsi 50 na gaskiya, kuma ta wannan fuskar ya fi wancan santsi.

Inda ɓarnar take

Mafi munin kuskure shi ne canja girman hoto tun ba a warware saƙar ba. Matashin da ke shagon tura fina-finai a waya, ko wanda ya koyi tacewa da CapCut ko KineMaster, a hannunsa kullum hoton waya ne, wanda cikakke yake zuwa. Sai a kawo masa fayil mai layi 576. Ya buɗe aiki mai layi 1080 ko 720, ya ja hoton ya cika allo, ya fitar. Abin da manhajar ta yi shi ne ta gauraya layin rabin farko da na rabi na biyu don ta samar da sababbin layuka. Siraran haƙoran da ake iya cirewa cikin sauƙi sun rikiɗe sun zama manyan igiyoyi masu kauri, gefen mutum yana lanƙwasa ciki da waje. Daga nan babu manhajar da za ta iya raba lokuta biyun, domin sun narke cikin juna. Sannan a tura ta WhatsApp, ya matse fayil ɗin. Matsewa kuwa ba ta shiri da siraran layuka, a kansu take ƙarar da ƙarfinta, sai fuskoki su farfashe su zama dabbare-dabbare. Wanda ya karɓa ya sake turawa wani wurin, a sake matsewa.

Na biyu shi ne juya tsarin rabi. Dole na'ura ta san wane rabi ne ya riga zuwa, na layukan sama ko na ƙasa. Kaset na MiniDV da Digital8 rabin ƙasa ne ke gaba. Kyamarorin HDV masu layi 1080, irin Sony Z1 da ta yi tashe daga 2005, rabin sama ne ke gaba. Abin da aka kwaso daga babban kaset kuwa ya danganta da na'urar da aka kwaso da ita. In mai tacewa ya haɗa waɗannan a aiki guda bai kula ba, ko ya gaya wa manhaja akasin gaskiya, to maimakon lokuta su jeru 1, 2, 3, 4, sai su fito 2, 1, 4, 3. Taku ɗaya baya, taku uku gaba, sau 25 a kowace daƙiƙa. Wannan ce karkarwar. Tsofaffin masu tacewa na Titin Gidan Zoo a Kano, waɗanda suka yi zamanin Adobe Premiere na farko-farko da Pinnacle da Ulead, sun san ta sarai, shi ya sa za ka tarar da ƙaramar talabijin a gefen kwamfutarsu. Sun san allon kwamfuta yana ɓoye wannan cutar, sai faifai ya isa gidan mai biki ta bayyana.

Akwai kuma hanyar ragwanci: a zubar da rabi ɗaya kacokan. Haƙora sun tafi, amma sun tafi da rabin layukan hoton da rabin motsinsa. Ko a narkar da rabi biyun wuri guda, kowane mai motsi ya riƙa jan inuwarsa. Faifan VCD da ya cika kasuwa a farkon shekarun 2000 girman hotonsa 352 ne a 288, wato layukan rabi ɗaya tak. Duk iyalin da suka mayar da kaset ɗinsu VCD suka yar da kaset, rabin abinsu suka riƙe. Waɗanda suka mayar DVD sun fi sa'a, domin DVD yana ajiye rabi biyun, kuma har yanzu ana iya warware shi yadda ya kamata in faifan bai karce ba.

Sauran ɓarnar ba ta buƙatar dogon bayani, ido na gani. Hoton da aka ɗauka don allo mai siffar 4:3 a ja shi ya cika 16:9, kowa ya yi ƙiba ya gajarce. Ko a datse shi tsaye don TikTok, a yanke mutanen dama da na hagu, waɗanda wataƙila su ne dalilin ajiye kaset ɗin. Ko a kunna talabijin a ɗauki allonta da waya. Wanda ya fi ci mini rai shi ne a cire sautin asali a ɗora waƙar zamani. Kirarin maroƙi, da algaita, da addu'ar liman, da muryar tsohuwar da ke yi wa amarya nasiha, an shafe su saboda wai akwai ƙarar janareta a ciki. Ƙarar janaretan ma ta wannan ranar ce, a bar ta.

Sabon abin da ya shigo shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu cewa za su wanke tsohon hoto ya dawo garau. Babban kaset na VHS ba ya riƙe ƙananan siffofin fuska da yawa, kuma abin da babu shi a ciki manhaja ba ta da inda za ta samo shi sai dai ta ƙaga. In aka ba ta hoto mai haƙora, haƙoran ma takan ɗauke su a matsayin siffa ta ƙara musu kaifi. Sai a fito da fuska mai sheƙi, ido da hanci da baki duk sun fito raɗau, amma tsagar gado da ke kumatu ta ɓace, kamannin kuma na wani ne daban. Jikan da bai riski kakansa ba zai girma da wannan fuskar a ransa. Ni a ganina wannan ya wuce kuskuren sana'a, ya shiga cin amanar mamaci.

Yadda ya kamata a yi

Aikin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa kamar yadda yake buƙatar bin tsari. Mataki na farko a kwaso hoton yadda yake, 720 a 576, da rabinsa biyu, ba a taɓa komai ba. In MiniDV ne ko Digital8, hoton tun asali na lambobi ne, kuma wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, tana kwafe shi babu ragi ko ƙari. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13. Sababbin kwamfutocin cinya ba su da wannan ramin, saboda haka tsohuwar kwamfutar tebur mai katin FireWire da ke cin ƙura a lungun shago dukiya ce, kada a sayar wa 'yan jari-bola. Kwaso MiniDV ta wayar nan mai jan kai da fari da rawaya asara ce da babu dalilinta. In babban kaset ne dole sai an bi ta na'urar kwasowa, kuma da yawa daga cikin masu arhar nan masu kama da filash suna matse hoton ko su zubar da rabi tun kafin ya isa kwamfuta. A gwada kafin a amince. Wannan fayil na farko shi ne uwa. A ajiye shi wuri biyu, kada a tace a kansa.

Daga kwafinsa ake warware saƙa, kuma kafin komai: kafin yanka gefe, kafin ƙara girma, kafin rubutu. Manhajar MediaInfo tana faɗin ko fayil saƙaƙƙe ne da rabin da ke gaba, ko da yake shaidar da ke jikin fayil takan yi ƙarya, don haka ido ne alƙali. A buɗe shi a VLC, a nemi wurin da ake motsi, a danna harafin D. In haƙoran suka ɓace, hoton lafiyarsa ƙalau, warwara kawai yake jira. In suka tsaya, wani ya riga ya gauraya shi, sai a koma neman kaset. HandBrake da FFmpeg kyauta ne, kuma suna da matatun yadif da bwdif. Mai haƙuri da kwamfuta mai ƙarfi ya nemi QTGMC, wadda masu wannan aikin suka fi yabawa. Abin lura shi ne a sa matatar ta mayar da kowane rabi cikakken hoto, a fito da 50 a daƙiƙa maimakon 25. A HandBrake zaɓin da aka rubuta wa Bob ke yin haka, tare da saita yawan firam a kan 50. Sai bayan nan a ƙara girma zuwa 960 a 720 ko 1440 a 1080, siffar 4:3 tana nan. YouTube da kansa yana shawartar a warware saƙa kafin a ɗora, kuma ba ya nuna hoto 50 a daƙiƙa sai daga layi 720 zuwa sama. Ɗan tsagin da ke rawa a can ƙasan hoton VHS kuwa ba cuta ba ce, wurin da kawunan na'ura ke miƙa wa juna aiki ne, tsohuwar talabijin tana ɓoye shi a bayan bakinta. A rufe shi da baƙin layi.

A kuma duba asalin kaset. Kyamarar gwanjo da ta fito daga Amurka tsarin NTSC take bi, layi 480, rabi kusan 60 a daƙiƙa, kuma tilasta mata 25 yana sa hoto tuntuɓe. Abin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi ko Damagaram yana iya zama SECAM, tsarin Faransa da Nijar ta bi, wanda kan fito fari da baƙi a na'urar da PAL kawai ta sani. Launin yana ciki, na'urar ce ba ta iya karanta shi ba.

Ban ga laifin masu shago gaba ɗaya ba. Kaset na E-180 awa uku ne, kuma awa ukun nan sai an zauna an jira su, babu gaggawa. Wuta ta ɗauke a tsakiya, a koma farko. Man janareta kuɗi ne, ma'ajiya kuɗi ce, mai kaset kuma yana son abin da zai shiga memori ya tura yau-yau. Wanda ba a biya shi kuɗin awa uku ba, gajeriyar hanya zai bi. Mai kawo aiki ma sai ya san abin da zai nema, ya kuma yarda ya biya.

Lokaci ba ya jira

Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwa. Kaset ɗin da ya kwashe watan Agusta a ɗaki mai laima, sannan ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara a ƙarƙashin kwano, shekara bayan shekara, yana cikin haɗari. Ɗauko shi ka duba ta 'yar tagar roba da ke fuskarsa. In ka ga farin gari-gari ko zare-zare a kan naɗin, fumfuna ce. Kada a cusa shi a na'ura mai kyau haka nan, zai toshe kawunanta, ya kuma shafa wa kaset na gaba. Sai an buɗe an goge a hankali. Mai lafiya kuma a karye ɗan harshen da ke bayansa don kada a yi naɗi a kai bisa kuskure, a jingine shi tsaye, nesa da lasifika da rana.

Na'urorin ma ƙarewa suke yi. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 samun na'urori da kayan gyaransu zai yi matuƙar wuya. Wa'adin ya riga ya iso. Masu gyaran bidiyo na Sabon Gari da Titin Beirut a Kano da suka san yadda ake daidaita kan na'ura suna tsufa, yaransu kuma gyaran waya suka koya.

Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Masana'antar Kannywood kacokan a kan saƙaƙƙen hoto aka haife ta. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, a kaset aka yi shi, haka ɗaruruwan fina-finan da suka biyo baya suka cika kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani yau a intanet an kwafo su ne daga VCD ko daga kwafin kwafi, a miƙe, a dusashe, da tambarin mai ɗorawa a kan fuskar jarumi. Matashin da ya kalle su zai ɗauka haka aka yi su. Kwatanta da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauka a fim na silima. An gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Ya jira shekara 40 kuma ya tsira, domin fim na silima ko a hasken rana ka ɗaga shi za ka ga hoto. Kaset ba shi da wannan gatan. Ranar da na'urar ƙarshe ta tsaya, abin da ke cikinsa ya rufu.

UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024. Abin alfahari ne. Amma hawan da aka yi a Rano da Kibiya da garuruwan dagatai shekara talatin baya, da mahayansa da makaɗansa, ba ya cikin wani jeri. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, akwai Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, akwai ma'ajiyar fim da sauti ta ƙasa a Jos. Ɗaki ɗaya a fadar Rano ko a sakatariyar Kibiya, da na'urar bidiyo biyu masu lafiya, da tsohuwar kwamfuta, da wutar sola, da matasa biyu da aka koya wa aikin na mako guda, ya isa ya ceto kaset ɗin ƙasar Rano, a ba iyali kwafinsu, a ajiye na tarihi da izininsu. Abin da ya shafi cikin gida da mata kuwa, iyali ne ke da ikon cewa a ajiye ko a bar musu kayansu.

Kafin hukuma ta motsa, kai mai karatu da ke da kaset a adaka, ka fito da shi a wannan makon ka duba lafiyarsa. In ka kai shago, ka ce a ba ka fayil na uwa mai layi 576 wanda ba a taɓa ba, da sautinsa na asali, ban da wanda za a matse maka na waya. Ka tsaya a nuna maka wurin da ake motsi kafin ka biya. Ka rubuta sunan bikin da shekararsa da sunayen dattawan da ke ciki tun masu gane su suna raye. Kuma ko an juye maka sau goma, ka karɓo kaset ɗinka ka mayar da shi gida.